Yana Jin Hadari Kuwa?

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan rubuta ya kai shekara bakwai da faruwa, wataƙila takwas, ni kuma ba gwanin riƙe abu a ka ba ne. Akwai wuraren da na tabbata da su, akwai kuma waɗanda nake zargin zuciyata ce ta cike giɓinsu daga baya. Inda nake shakka zan faɗa.

Ƙaramin abu ne ya tono min shi. Makon jiya da la'asar ina zaune a rumfar wani mai shayi a Gaya, ana kallon ƙwallo, sai hoton ya ƙame, ya farfashe kamar an taka madubi, ya ɗauke ɗif. Samari suka hau tsaki. Ni kuwa ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da wani mai barkono da ya baza hajarsa a bakin titi, "Malam, kwashe, ruwa na tafe." Ya ɗaga kai ya ga rana tar, ya dube ni. Amma ya kwashe, ina jin don kara ce kawai. Bai gama ɗaure buhu na biyu ba iska ta taso.

"Kai kuwa duba kake yi?" in ji shi.

Na ce a'a. A wajen mahaifiyata na koya, kuma sai da abin ya daina yi mata amfani sannan na koye shi.

Gidanmu a Gafasa yake. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, ya bar mu uku a gidan: Inna, da yayana Sale mai ɗan shagon kayan masarufi a Gaya, da ni, auta. Daga baya aka kawo Ladidi, matar Yaya Sale. Shekarar da na shiga jami'a yanar ido ta gama rufe idanun Inna, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Don ya rage mata zaman shiru, Yaya ya saka mata sola da ƙaramin talabijin a ɗakinta, ya kafa kwanon satalayit a kan katanga, fuskarsa na kallon gabas, yana biyan kuɗin wata. Ba ta gani, amma tana saurare tun daga hantsi har magariba.

A shekarun nan ne sunanta ya fita a unguwa. Ni ina makaranta, daga nan bautar ƙasa, ban cika zuwa gida da damina ba, don haka a bakin mutane na fara ji: "Innarku tana jin hadari." Wanda bai zauna a ƙauye ba zai ga abin ba wani abu ba ne. Amma mace tana tsakar gida, katanga ta kewaye ta, kanta a sunkuye a kan murhu ko turmi, abin da take gani na sama bai fi faɗin tabarma ba. Hadarin ƙarshen damina kuma ba ya sallama. Ya haɗo daga gabas, kafin ka ankara yana kanka, ga kuɓewa da barkono da gyaɗa a baje a ƙasa da kan soro. To, Inna sai ta fito bakin ƙofarta da wata tsohuwar tasa da muciya, ta buga sau uku, ta ɗaga murya: "Masu shanya, a kwashe!" Gidan Gwaggo Asabe da ke jikin namu su karɓa, su miƙa wa na gaba, har ƙarshen layi. Tsakanin kiran da saukar ruwa, an ce, mutum zai yi alwala ya yi sallah a natse. Wasu suka ce gwiwoyinta ne ke gaya mata, wasu suka ce Allah ne ya karɓi ido ya musanya mata. Mata suna aiko mata da ƙullin daddawa, da busasshiyar kuɓewa, suna kiransa ladan kira. Matar da sai an riƙe mata hannu take tsallake kwata, ga unguwa guda ta dogara da bakinta.

Tana kuma da gayauna, 'yar gonarta ta kanta, inda ba a shuka komai sai wata jar gyaɗa mai ƙananan ƙwaya da yawan mai. Da ita ta zo daga Kademi ranar da aka kawo ta amarya, a ƙulle a bakin zane, irin mahaifiyarta ne. A gidanmu 'yar Kademi muke ce wa gyaɗar. Ko da idonta ya tafi, ita ke zaɓen iri da hannunta, ƙwaya ƙwaya.

Na dawo daga bautar ƙasa da bazara, ba aiki. Zafin shekarar nan har yanzu ina jinsa a tafin ƙafa. Randa tana ba da ruwa kamar an ɗora shi a wuta, kaji suna kwance baki buɗe a gindin darbejiya, mutum ya yi wanka ya fito yana gumi. Taki ya yi tashin gwauron zabo, ciniki ya ja baya a shagon Yaya. Wata Juma'a ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Auta, kai ne ka yi boko. Duba gidan nan ka ga inda za a rage, in ba haka ba bana gero zai tashi ba taki."

Ba zan ce na yi gaggawa ba. Kwana bakwai ina juya maganar. Na tambayi mutum uku ko huɗu, na je Gaya wajen wani mai gyaran talabijin, ya ce min da eriya mai kyau da doguwar gora za mu kamo tashoshin Kano kyauta, har abada ba biyan wata. Abin da eriya ba ta kawo ba, in ji shi, ai ga waya, a sa data a kalla. Na ga tashoshin Kano ma sun fi yin Hausa, ga tafsiri, ga sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, duk abin da Inna ke so. Na duba ta ko'ina, a ganina, ban ga inda za a cutu ba. Muka sayar wa mai gyaran da kwanon da dikodarsa, aka haɗa da ɗan abin da Yaya ya kawo, aka sayi taki.

Ranar da muka kafa eriyar kusan biki aka yi. Yaya yana kan katanga riƙe da gorar, ni ina ƙasa ina ɗaure ta da waya, Ladidi tana bakin ƙofar Inna, ido ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Juya! Ƙara kaɗan! Ya zo, ya zo! Kai, ya tafi. Malam Digiri, wannan ilimin naka sai an tsaya da ƙafa ɗaya yake aiki?"

"Ke dai ki faɗi abin da kika gani."

"Na ga mutum, amma kamar yana tsaye cikin yayyafi."

Da ƙyar muka sami inda hoton ya tsaya dishi-dishi, murya na fita da ɗan shuuu a ƙarƙashinta. Na shiga ɗakin ina share gumi, na durƙusa na damƙa wa Inna rimot, na kama yatsanta ina nuna mata maɓallan. Ta yi shiru tana saurare. Can ta ce, a hankali, yadda na waje ba za su ji ba:

"Auta, wannan sabon, yana jin hadari kuwa?"

Wannan tambayar ban manta ko harafi ɗaya a cikinta ba. Na ɗauka tsoro take kada ruwa ya riƙa katse mata shiri. Har da alfahari na amsa. "Ko kaɗan, Inna. Ai nan ya fi wancan. Wannan ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ya ɗaukewa."

Ta ce, "To." Ta ajiye rimot ɗin a gefen tabarma. "To, Allah ya yi albarka."

Ruwan shuka ya makara a shekarar. Mun yi binne, iri ya kwana goma sha a busasshiyar ƙasa, aka yi wani ɗan yayyafi da ya tsirar da shi sannan rana ta ƙone rabi, muka sake. Ina jin sau biyu muka sake a gonar gabas, Yaya ya ce sau ɗaya ne. Da ruwan ya zauna kuma sai ciyawa ta taso gaba ɗaya. Tun asuba muke fita, ni da Yaya da ya bar shago a hannun maƙwabcinsa, hannuna da ya saba da biro ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Rumbu ya yi ƙasa tun kafin marka. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da rana sai kwaɗon rama ko tafasa da ɗan ƙuli. Ladidi tana da tsohon ciki, takan ce ta ƙoshi ta tura wa Inna nata, Inna kuma ta laluba kwanon ta tura mata baya, su yi ta yi har ya huce.

Maganar waya kuwa, gara a taƙaita. A cikin gidanmu sabis ba ya shiga sai a kusurwa ɗaya, kusa da turken awaki. Na taɓa kai Inna can na kunna mata karatun wani malami da take so, wanda eriya ba ta kawowa. Ya yi kalma uku ya tsaya, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, ya ƙara biyu ya tsaya.

"Allah sarki," in ji Inna. "Yaushe malam ya kamu da in'ina?"

Ladidi ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Malam Digiri, kwanon can wata-wata yake cin abinci. Wayarka kuwa kullum sai ta ci, kuma ba ta ƙoshi."

Na koma hawa tudun bayan makarantar firamare in sauke karatun in kawo mata. Ina ganin na yi ƙoƙari. Abin da ban lura da shi ba shi ne Inna ta daina zama a ɗaki. Ta dawo bakin ƙofa, fuskarta a sama, tana shaƙar iska kamar mai neman inda abu ke ƙonewa. Duk wanda ya gifta sai ta tambaye shi, kamar da wasa, "Yaya gabas take?" Na zaci zafi ne ya koro ta.

Ruwa ya fara dukan wanki ba a ji tasa ba. Aka ce ai barci ne ya ɗauke ta. Sannan wata rana da azahar ta buga, mata suka yi ta gudu da faifai da tabarmi, aka kwashe komai, aka zauna jira, rana ta ci gaba da dukanta har la'asar. Bayan kwana kaɗan ta sake bugawa, nan ma ko ɗigo. A karo na biyun na ji dariya ta tsallako katanga, wata tana cewa, "Yau ma hadarin Inna ne, na cikin tasa." Na san ta ji, don kunnenta ya fi na kowa. Ta mayar da tasar ƙarƙashin gado, daga baya ta sake fito da ita ta ajiye a bakin ƙofa. Ban tambaye ta komai ba. Na ce a raina tsufa ne, kuma ba ladabi ba ne a tambayi uwa dalilin kuskurenta.

Gero ya nuna, muka ci tumu, fuskoki suka ɗan saki. Muka tuge 'yar Kademi, ta yi kyau a shekarar, aka tsinke ta aka baza gaba ɗaya, rabi a tsakar gida rabi a kan soro. Kwana huɗu tana shan rana, in ka girgiza kwanso ka ji ƙwaya ta fara kaɗawa. Saura kwana biyu a zuba a buhu. Duk layinmu haka yake, ko'ina shanya.

Ranar muna gonar gabas muna girbi, tafiyar rabin sa'a daga gida. Tun hantsi iska ta tsaya cak, zafi mai danƙo, ƙaiƙayi na cin wuya. Bayan azahar na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Yaya ya jefar da magirbi. Abin da na ce masa shi ne, "Ai Inna za ta kira." Ban san me ya sa na faɗa ba, alhali na san wata biyu ke nan ba ta dace ba. Muka zuba da gudu. Ruwan ya cim mana tun ba mu kai rabi ba, irin mai dukan baya kamar tsakuwa, ba ka ganin wanda ke gabanka.

Da muka faɗa gidan, tsakar gida ta zama kududdufi. Indararo na kwararo gyaɗar kan soro, ta ƙasa kuma tana yawo a kan ruwa tana bin rariya zuwa waje. Ladidi, da cikinta wata tara, ta durƙusa ta toshe rariyar da faifai tana kuka. Inna tana tsakiyar ruwan a kan gwiwoyinta, ɗankwali ya faɗi, tana laluben ƙasa da hannu biyu tana tarawa a zaninta, rabin abin da take tarawa tsakuwa ce da kashin awaki. Tasa da muciya suna bakin ƙofa, ruwa ya cika tasar. Daga cikin ɗaki kuma talabijin yana ta magana. Wani mutum ne ke sanar da ɗaurin aure, muryarsa garau. Ban taɓa jin eriyar nan ta kama tasha da kyau irin na ranar ba.

Kwana huɗu rana ba ta fito ba, wasu sun ce uku. Muka baza abin da muka tsinta a ɗakuna, a kan gado, a ƙarƙashin gado, a zaure, muna juyawa da hannu. Ba abin da mutum zai yi sai ya leƙa sama ya dawo. A rana ta biyu gidan ya ɗauki wani wari mai tsami. A ta uku funfuna ta fito fara-fara a jikin kwanso, wasu suka fasa baki suka tsiro.

Gwaggo Asabe ta shigo, ita ma barkononta na shekara ya tafi. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta gaishe da Inna, suka jajanta wa juna, sannan ta ce, "Innar Sale, shekaranjiya ba mu ji ki ba."

"Tsufa ne, Asabe. Jikin ya daina gaya min. Ku yafe ni."

"Haba, wace yafiya? Ruwa ai na Allah ne. Da ma dai mun saki jiki ne."

Da ta tafi, na zauna kusa da Inna muna ɓare gyaɗa, tana murza kowace ƙwaya tana kai wa hanci, mai kyau dama, ruɓaɓɓiya hagu. Tarin hagu ya ninka na dama ba adadi. Ba ta juyo ba ta ce:

"Auta, gwiwata ba ta taɓa gaya min komai ba sai ciwo."

Na tsaya da ɓarar gyaɗar.

"Kwanon nan ne. In hadari ya taso daga gabas, shi yake fara tarewa. Sai in ji masu magana sun sarƙe, sun yi shiru. In kashe, in ce saboda tsawa, in ɗauki tasata. Shi ke nan duk sirrin."

"Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba? Wallahi da ban..."

"Na tambaye ka."

"Ban gane ba ne."

"Na san ba ka gane ba. In ce maka me? In ce a bar gero ba taki don tsohuwa ta ci gaba da buga tasa?" Ta jefa wata ƙwaya hagu. "Kuma da na faɗa, Ladidi ta ji, Asabe ta ji. Kowa ya sa kunne a ɗakina, ko ya sayi nasa. Ni kuma in koma me? Buhun da ake jawowa inuwa in rana ta yi."

Sannan ta ce kada in gaya wa kowa, har Yaya.

Washegari na hau babur ɗin haya na tafi Gaya wajen mai gyaran. Ya ce dikodar ta daɗe da tafiya. Kwanon kuwa, ya nuna min da baki: yana can bayan shagon a kife a kan bulo, wata kaza na kwanci a ƙarƙashinsa. Ko da ya ba ni kyauta, ba ni da abin haɗa shi, damina kuma ta ƙare. Na buɗe wayata a nan inda sabis ke da ƙarfi, na nemo hasashen yanayi, na koma gida da murnata na ce mata ga wata hanya, waya tana faɗin ruwa tun kafin ya zo. Ta ce in karanta mata na gobe. Na ce wayar ta ce akwai yiwuwar ruwa kashi talatin cikin ɗari.

"Wa ka taɓa gani ya jiƙe kashi talatin?" in ji ta. "Bar shi, Auta."

Abin da muka tsirar na 'yar Kademi bai cika ƙwarya biyu ba. Da damina ta zagayo muka shuka, ya fito jefi-jefi kamar haƙoran tsoho, Yaya ya cike gurbin da irin kasuwa don kada gayaunar ta tashi a banza. Daga nan ta gauraye. Yau in ka ba ni ita a tafin hannu ba zan rantse ita ce ba.

A wannan shekarar ta biyu na sami koyarwa a wata makaranta a Gaya. Albashina na farko na sayi sabon kwano da dikoda, na biya wata uku a jere. Yaya ya ce ɓarna ce, ga eriya tana aiki. Na ce ina son ƙwallo ne. Na tsaya a kan mai kafawar har sai da ya juya shi gabas daidai inda tsohon yake.

Hadarin farko da ya taso ina gida, ranar Asabar ce da rana, ina zaune a ƙofar ɗakinta ina duba takardun ɗalibai. Na ji muryoyin sun sarƙe, sun yanke. Na jawo tasar da muciyar na ajiye a jikin ƙafarta yadda za ta ji sanyin ƙarfen. Ta ji. Ta sa hannu ta shafa bakin tasar, ta daɗe tana shafawa. Ta bayan katanga ina jin Gwaggo Asabe tana daka, tana yi wa jikarta faɗa.

Inna ta janye hannunta ta ce, "Auta, kwashe wankinka."

Ba ta ƙara bugawa ba har ta rasu, damina uku bayan nan.

Na daɗe ina shakkar rubuta wannan, don ta ce kada in faɗa, kuma ban tabbata mutuwa tana warware irin wannan alkawari ba. In na yi laifi, Allah ya yafe min, ita ma ya gafarta mata. Amma na gaji da jin ana cewa a ƙarshen rayuwarta ta rikice. Ba ta rikice ba. Ni na sayar da kwanon.

Ina roƙon waɗanda suka zauna a layinmu a shekarun nan, ko 'ya'yansu, duk wanda ya ga na kauce a wani wuri ya gyara min, ko a aika gidan Yaya Sale a Gafasa, saƙo zai same ni. Abu biyu na fi buƙata. Inna takan ƙulla wa amaren unguwa 'yar Kademi a bakin zane in za a kai su ɗaki. In akwai wadda tata ba ta gauraye ba, ko cikin tafin hannu ne ina so. Na biyu, Gwaggo Asabe ta taɓa rantse min cewa tun kafin a kafa kwano a gidanmu, tun idon Inna na gani, ta sha kiran ruwa kuma ya zo. Yaya ya ce bai tuna ba. Ni a lokacin hankalina na kan littafi. In akwai wanda ya ji wannan kiran da kunnensa, don Allah ya gaya min shekarar, da abin da aka shanya a ranar.